Yadda Ake Yi Wa Injin Yanke Ciyawa Na Hawa Sabis Ba Tare Da An Ji Rauni Ba

Tambayoyin da ake ta aiko mini kan injin yanke ciyawa irin wanda ake hawa ana tuƙawa kusan iri ɗaya ne: wane mai ake zuba masa, yaushe ake juye shi, yaya ake kwance wuƙa a wasa ta, me ya sa yake barin ciyawa wani gefe dogo wani gefe gajere. Zan amsa su duka, amma bi da bi, domin a wannan aiki sanin abin da ake fara yi ya fi sanin yadda ake riƙe sufana muhimmanci. Wanda ya ɗaga injin kafin ya tare tayoyi, ko ya zura hannu ƙarƙashi kafin ya zare wayar fulogi, komai ƙwarewarsa ya riga ya yi ganganci.

Alƙaluman da zan kawo su ne aka fi samu a injinan fetur irin na Briggs & Stratton, Kohler da Kawasaki, waɗanda ake ɗorawa a kan John Deere, Husqvarna, Cub Cadet da makamantansu. Duk inda littafin injinka ya faɗi wani abu daban, nasa za ka bi. In littafin ya ɓata, lambar samfurin na nan a ƙarƙashin kujera ko a jikin firam, da ita za ka nemo shi a shafin kamfanin.

1. Tara kaya tukuna

Kana bukatar sufanu masu soket, sufanar fulogi, filaya, sukurdireba, mazurari, kwanon tarar mai, tsummoki, magagari, abin matsa giris, gejin iskar taya, guntun katako mai kauri, safar hannu ta fata da tabarau na kariya. Sai jak da ƙafafun ƙarfe na tokare, ko kuma abin ɗaga gaban injin da aka ƙera musamman don wannan aiki.

Kayan canji kuwa: man inji, fitar mai (wato matacin mai) idan injinka na da ita, matacin iska, fitar fetur, fulogi. Kamfanoni da dama na sayar da su a kunshi ɗaya da lambar injin a jiki, kuma yawanci ya fi sauƙi a kan sayen ɗaiɗai. Abu ɗaya mai ɗan tsada da nake ganin ya cancanci kuɗinsa shi ne sufana mai auna ƙarfin ɗauri. In ba za ka saya ba, ka aro, saboda kusar wuƙa.

2. Zaɓi wuri, ka ɗumama injin

Fili mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗe, inda iska ke kaɗawa. Ka tabbatar babu yara ko dabba a kusa. Tayar da injin ya yi minti uku zuwa biyar, don man ya yi ruwa ya kwaso dattin da ya kwanta a ƙasa.

Gargaɗi: kada ka tayar da shi a rufaffen gareji ko ɗaki. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monokzaid, ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kisa.

3. Kashe shi kisa na gaske

Murɗa makulli bai isa ba. Ga yadda ake yi, kuma a wannan jeren:

Kashe wuƙaƙe. Ja birkin ajiya. Kashe injin ka zare makulli ka sa a aljihu, ba a kan kujera ba. Jira har komai ya daina juyawa. Zare wayar fulogi ka kauda ta nesa da kan fulogin. In injinka mai silinda biyu ne, fulogi biyu gare shi, ka zare duka. Sannan ka kwance wayar batir baƙa, mai alamar ragewa, kafin ja.

Dalilin fara kwance baƙar shi ne, jikin injin gaba ɗaya a haɗe yake da ita. Idan ka fara da jar, sufana ta taɓa firam, wuta za ta tashi nan take. Wajen mayarwa sai a juya: ja farko, baƙa ƙarshe.

Masu ganin wannan duk ɓata lokaci ne su tuna da abu ɗaya. Ƙa'idar tsaron injinan yanke ciyawa ta Amurka, ANSI B71.1, ta yarda bakin wuƙar ya yi gudun da ya kai ƙafa 19,000 a minti, wato kusan kilomita 350 a awa. Yatsa ba ya tsira daga wannan.

Gargaɗi: salansa da kan silinda na nan da zafi ko bayan gajeren ɗumamawa. Ka san inda suke kafin ka miƙa hannu.

4. Juye mai

Sabon inji ana juye masa mai bayan awa 5 zuwa 8 na farko, domin a lokacin ne ƙarafa ke goga juna suna zubar da ɓurɓushi. Daga nan kuma duk awa 50, wasu masu fita har awa 100, ko sau ɗaya a shekara, duk wanda ya riga zuwa. Kalmar nan ta ƙarshe mutane ke tsallakewa. Injin da bai yi aiki sosai ba shi ma mansa na lalacewa da danshi da zama.

Goge kewayen bakin sandar awon mai kafin ka buɗe, kada ƙasa ta faɗa. Sa kwano, buɗe magudanar man da ke gefen injin ta ƙasa. Yawancinsu na da ɗan bututu da ake saƙala wa tiyo don kada mai ya wanke firam. Bari ya tsane sarai, ka rufe.

Kafin ka kauda kwanon, dubi abin da ya fito. Baƙi ba laifi ba ne. Amma in ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. In yana warin fetur kuma ya fi yadda aka zuba yawa, kafireto na yoyo cikin injin, kuma sabon mai ba zai magance wannan ba sai an gyara kafireton.

Fitar mai: kwance tsohuwar, shafa ɗan sabon mai a robar bakin sabuwar, murɗa da hannu har robar ta taɓa, sannan ka ƙara rabin zagaye zuwa kashi uku cikin huɗu. Da hannu kawai. Wanda ya ɗaure ta da sufana, baɗi sai ya yi dambe da ita.

Wane mai? SAE 30 inda ake zafi, 10W-30 inda yanayi ke sauyawa tsakanin sanyi da zafi. Yawancin waɗannan injina na shan lita 1.4 zuwa 1.9. Kada ka juye duka a lokaci guda. Zuba mafi yawa, jira minti ɗaya, auna, ƙara kaɗan-kaɗan. Ka duba littafi ko sandar awon irin wadda ake murɗawa ciki ne kafin a karanta ko wadda ake ɗorawa kawai, domin bambancin na iya ruɗa ka.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne cika mai ya wuce alama, wai don a kyauta wa injin. Sakamakon farin hayaƙi ne, da jiƙaƙƙen matacin iska, da yoyo. Tsohon man kuma a zuba shi a jarka a kai inda ake karɓa, ba a ƙasa ko magudanar ruwa ba.

5. Matacin iska, inda injin ke mutuwa a hankali

In da za a ce in zaɓi abu ɗaya bayan mai, wannan zan zaɓa, ba fulogi ba, ko da yake fulogi mutane suka fi son canjawa. Injin yanke ciyawa na aiki ne a cikin ƙurar da shi kansa yake tayarwa. Ƙurar da ta wuce mataci tana shiga silinda ta haɗu da mai ta riƙa cin zobban fistin, har ranar da injin zai fara shan mai yana hayaƙi. Mataci abu ne mai araha. Gyaran silinda kuwa wani lokaci ya kan kusa kuɗin sabon inji.

Goge murfin kafin ka buɗe. Yawanci za ka tarar da biyu: soso a waje, takarda a ciki. Soson ana wanke shi da ruwa da sabulu duk awa 25, a matse shi cikin tsumma, a bari ya bushe sarai. Wasu ana ɗan shafa musu mai, wasu ba a yi, littafi zai faɗa. Takardar kuma ana ɗan bubbuga ta a hankali ƙura ta zube, a canja ta duk awa 100 ko shekara. Inda ƙura ta yi yawa, a rage wannan lokacin sosai.

Gargaɗi: kada ka hura wa takardar iska mai ƙarfi, kada ka wanke ta da fetur. Iskar na huda ta da ramukan da ido ba ya gani, sai ta fito fes alhali ta daina tacewa. Kuma yayin da matacin ke waje, toshe bakin da tsumma mai tsabta, kada ka manta ka cire shi.

Tun da ka buɗe nan, leƙa ragar da ke saman injin da haƙarƙarin silinda. Da iska yawancin waɗannan injina ke hucewa, ba da ruwa ba. Ciyawa ko sheƙar ɓera ta toshe wurin, injin zai yi zafi fiye da kima.

6. Fulogi

Sai injin ya huce. Share kewayensa, kwance, duba. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne. Baƙi mai toka na nuna fetur ya yi yawa ko mataci ya toshe. Baƙi mai maiƙo na nuna mai na hawa. Tazarar bakinsa a injina da yawa milimita 0.76 ce. Fara murɗa sabon da yatsu, sai ya shiga lami lafiya sannan ka sa sufana. Kan silindar alminiyam ne, zarensa ba ya jure tilas.

7. Fetur da fitarsa

Gargaɗi tun farko: injin a sanyi, babu sigari, babu wuta ko tartsatsi a kusa, tsumma a hannu.

Rufe famfon fetur in akwai, in babu ka matse tiyon da abin matsewa. Ja maƙalan baya da filaya, zare tsohuwar fita, sa sabuwa. In akwai kibiya a jikinta, ta nuna wajen kafireto. Lanƙwasa tiyon ka gani. In ya tsattsage ko ya yi tauri, canja shi yau.

Fetur kan fara lalacewa bayan kamar kwana 30 a tanki, ya bar danƙo a ƙananan ramukan kafireto. Yawancin injin da ya ƙi tashi bayan doguwar ajiya, wannan ne ciwonsa. Masu ƙera ƙananan injina sun yarda da fetur mai etanol har kashi 10 cikin 100, wanda ake rubuta wa E10, amma ba E15 ba.

8. Batir

Mai bolt 12 ne. Cikakke kan nuna kusan 12.6 a mita idan injin na kashe. Farin gari ko kore da ke taruwa a kawunansa ana wanke shi da ruwa da hodar bekin soda da burushi, a busar, a shafa ɗan giris. Sa tabarau, ruwan batir asid ne. Yi masa caji a inda iska ke shiga, domin yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta.

9. Wuƙaƙe

Nan ne aka fi jin rauni, nan kuma zan fi daɗewa.

Hanya biyu ce: a ɗaga gaban injin, ko a kwance kwanon yankan, wato murfin ƙarfen da wuƙaƙe ke ƙarƙashinsa, gaba ɗaya a jawo shi waje. Ni na fi son ta biyu. Ta ɗan fi ɗayar cin lokaci, amma babu abin da ke rataye a kanka, kuma za ka ga komai da kyau. Sauke kwanon ƙasa, ɗauki hoton yadda bel ya zagaya, cire bel daga fulin injin, zare filolin da suka riƙe kwanon, jawo shi ta gefe, kifar da shi. Yi hankali da sifirin da ke jan bel, yana da ƙarfi kuma yakan fizge.

In ɗagawa za ka yi, sa waigi a bayan tayoyin baya, ɗaga, tokare da ƙafafun ƙarfe, girgiza injin ka tabbatar ya zauna.

Gargaɗi: kada ka taɓa shiga ƙarƙashin injin da jak kaɗai ke riƙe da shi, kada ka tokare da bulo, yana farfashewa ba sanarwa. Kuma ba a kwantar da irin wannan injin a gefe. Fetur da mai da ruwan batir duk za su zube.

Sa safar hannu. Cusa katako tsakanin wuƙa da jikin kwano don kada ta juya. Kafin ka kwance, yi wa fuskar da ke kallon ƙasa alama da fenti ko alli, ka kuma lura da yadda washa ke kwance. Sa wuƙa a kife kuskure ne da ake yi fiye da yadda kake zato: injin zai yi ta ruri, ciyawa kuwa sai dai ta kwanta a daddake. Fiffiken wuƙar da ya lanƙwasa, sama yake kallo, wajen kwano.

Dubi wuƙar kafin ka ɓata lokacin wasa ta. In ta tsage, in ta lanƙwashe, ko yashi ya cinye gindin fiffiken ya yi siriri, a jefar. Ba a miƙar da ita da guduma, ba a yi mata walda. Guntun da zai ɓalle a wancan gudun harsashi ne.

In lafiyarta ƙalau, ɗaure ta a matsi, bi asalin karkatar bakinta, kusan digiri 30, ka riƙa tura magagari gefe ɗaya. Ba a so ta yi kaifin aska. Bakin da ya yi siriri da yawa yana dakushewa da wuri. Mai amfani da injin wasa ya riƙa ɗagawa, domin in ƙarfen ya yi shuɗi ya ƙone, taurinsa ya tafi.

Sai daidaito, wanda da yawa ke tsallakewa. Kafa ƙusa a bango, rataya wuƙar ta ramin tsakiya. Gefen da ya sunkuya shi ya fi nauyi, ƙara rage shi har ta tsaya a miƙe. Wuƙar da ba ta daidaita ba tana karkarwa, karkarwar ta cinye boris, daga nan sai sandar da ke juya wuƙar. Aikin minti biyu ke nan da ke hana kashe kuɗi mai yawa.

Wajen mayarwa, in ramin mai siffar tauraro ne, tabbatar ya zauna daidai a kan nasa kafin ka ɗaure. Ƙarfin ɗaurin ya bambanta daga inji zuwa inji, don haka ka ɗauko adadin daga littafi ka auna. Ana wasa wuƙa kamar duk awa 25. Ciyawar ma za ta gaya maka: in bakin ganyen ya yage ya yi fari-fari bayan kwana ɗaya ko biyu, wuƙa ta dakushe.

10. Kwano, bel da giris

Tun da kwanon na kife, kankare busasshiyar ciyawar da ta manne. Tana riƙe danshi ta jawo tsatsa, tana kuma hana iska zagayawa. Juya kowane fuli da hannu. Wanda ke ƙara ko yake rawa, boris ɗinsa ya tafi. Bel da ya tsattsage, ya yi sheƙi, ko ya fara zare, a canja shi da mai lambar da ta dace. Bel ɗin mota mai kama da shi ba ya daɗewa a nan.

Matsa giris a duk bakin da ka gani: sandunan wuƙa in suna da shi, gatarin gaba, tayoyin gaba, mahaɗan sitiyari. Goge bakin kafin da bayan.

Share ciyawar da ta taru a saman kwano, kusa da salansa, da kan akwatin giya da fankarsa. Busasshiyar ciyawa a jikin salansa mai zafi ita ce ke tayar da gobara a waɗannan injina. Ruwa mai matsi kuwa a nisantar da shi daga boris da wayoyi da akwatin giya.

11. Taya kafin kwano

Mai kukan yanka ya karkace, ya fara auna taya kafin ya taɓa ko da noti ɗaya. Galibi a ma'aunin psi na gejin iska, na gaba 14 ne, na baya 10. Taya ɗaya ta rage iska, kwanon ya karkata.

Bayan tayoyi sun daidaita kuma kwano ya koma wurinsa, a kan shimfiɗaɗɗen siminti, juya wuƙaƙe su kwanta dama da hagu, auna daga bakin kowace zuwa ƙasa; ya kamata su zo ɗaya. Juya su gaba da baya: ya kamata gaba ya fi baya ƙasa da kamar milimita 3 zuwa 6. Da safar hannu, wayar fulogi na nan a zare har yanzu.

12. Haɗa, ka gwada masu tsaron ranka

Ƙirga kayan aikinka, kada sufana ta kwana a cikin kwano. Mayar da duk murfi da garkuwa, har da marfin bakin da ciyawa ke fita. Haɗa batir, ja sannan baƙa. Mayar da wayar fulogi. Tayar da injin minti ɗaya ko biyu, kashe, nemi yoyo, sake auna mai domin sabuwar fita ta sha nata.

Yanzu gwaji, a fili babu kowa kusa. Ba ka taka birki ba, injin bai kamata ya tashi ba. Wuƙaƙe na kunne, bai kamata ya tashi ba. Yana aiki wuƙaƙe na juyawa, ka ɗan ɗaga jikinka daga kujera: dole ya mutu, wuƙaƙe su tsaya cikin daƙiƙa 5. Birki kuma, wasu littattafan sun ce in injin na cikakken gudu a busasshen siminti ya wuce mita 1.5 bai tsaya ba, a gyara.

In ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, a ajiye injin har a gyara. Akwai masu haɗe wayoyin makunnin kujera wai yana damun su. Wannan makunnin shi ne abin da ke tsayar da wuƙa ranar da mutum ya zame a gangare, kuma canja shi ba wani kuɗi ba ne. Tun da an ambaci gangare: da injin hawa ana hawa ne a sauka, ba a ratsa shi a kaikaice, kuma yawancin kamfanoni sun hana wuce digiri 15. Ba a ɗaukar fasinja. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada yaro ya tuƙa irin wannan injin sai ya kai shekara 16.

13. Abin da za ka bar wa bakanike

Buɗe akwatin giya mai aiki da mai, saita bawul, kulocin wuƙa na lantarki, da duk ƙarar ƙwanƙwasa daga cikin injin. Haka ma in ka bugi kututture ko dutse, ka canja wuƙa amma karkarwa ba ta daina ba. Wataƙila sanda ce ta lanƙwashe.

14. In za a ajiye shi watanni

Juye mai kafin ajiya, ba bayanta ba, kada injin ya kwana da gurɓataccen mai. Fetur kuma ɗaya cikin biyu: ko ka zuba maganin hana shi lalacewa ka bar injin ya yi aiki minti kaɗan don ya kai kafireto, ko ka bar shi ya shanye tankin har ya mutu da kansa. Cire batir, yi masa caji, ajiye shi a busasshen wuri, ka riƙa ƙara masa caji duk wata ɗaya ko biyu. Bari injin ya huce kafin ka rufe shi, kuma kada ka ajiye shi kusa da wani abu mai harshen wuta. Rubuta kwanan wata da adadin awannin da mita ta nuna a ɗan tef, ka manna a ƙarƙashin kujera, daga nan za ka fara ƙirga awa 50 na gaba.